Yadda Ake Haɗa Kan Malaman Da Ba Sa Ga-Maciji

Kai da aka ɗora wa muƙamin mataimakin shugaban makaranta, kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, cikin mako uku malamanka za su haɗa kai. Na gwada da kaina, ya yi aiki har ya zarce yadda na so.

1. Gano asalin rigimar

Kada ka yarda da zancen bambancin tsarin koyarwa. A ɗakin malamanmu, Malamin Lissafi da Malamar Kimiyya sun yi zango biyu ko gaisuwa babu, saboda kujerar da ke ƙarƙashin fanka. Ita ta riga shi zama, shi ya riga ta zuwa makarantar da shekara tara. Masana sun tabbatar: duk rigimar malamai, in ka tona, kujera ce.

2. Kira taro, amma kada ka sa rai

Za su zo. Shi zai yi ta duba agogo, ita tana makin jarrabawa. Ka ce, "Akwai mai shawara?" Tari kawai za ka ji.

3. Zama abokin gabar kowa

Sake jadawalin darasi. Ka sa su biyun aji ɗaya, ranar Talata, ƙarfe tara. In sun zo maka a fusace, ka ce, "Subhanallahi, kuskure ne, zan duba." Kada ka duba.

4. Leƙa ta taga

Babu mai bar wa wani ajin. Malaman nawa raba lokacin suka yi. Malam na rubutu a allo, Malama na zaune a baya tana jiran rabinta, sai ta ga wata ɗaliba tana ƙanƙance ido tana kwafa daga littafin ta kusa da ita.

"Malam, yarinyar nan ba ta ganin allo."

"Wannan? Lalaci ne, Malama. Sau biyu tana ci min sifili."

"A wurina ita ce ta uku. Ni da baki nake karanta musu, kai kuwa rubutunka kamar sawun tururuwa."

Malam ya haɗe rai, ya rubuta bakwai a allo, ya ce yarinyar ta karanta. Ta ce, "Ɗaya." Malam ya ajiye allin da ke hannunsa.

5. Yi kamar ba ka nan

Tare suka kai ta wurin ma'aikaciyar jinya, tare suka kira mahaifiyarta. Aka dawo da ita layin gaba, aka yanka mata tabarau. A gwaji na gaba ta ci sha shida cikin ashirin, Malam ya bi ofis-ofis yana nuna takardar. Ka danne bakinka, kada ka ce dabararka ce. Ba mai yarda.

6. Karɓi sakamako

Yanzu tare suke shirya darasi. Aikinsu na biyu kuwa takardar ƙorafi ce a kanka, shafi uku. Shi ya jera laifuffukan da lamba, ita ta kawo hujjoji, malamai goma sha huɗu suka sa hannu, har da ma'aikaciyar jinya. Shugaba ya kira ni yana jujjuya takardar.

"Mataimaki, ban taɓa ganin sa hannunsu duka a wuri ɗaya ba. Me ka yi musu?"

Na ce, "Haɗin kai, ranka ya daɗe."

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba ruwansa in ka shiga ɗakin malamai aka yi tsit, ko aka karɓe jadawali daga hannunka. Mai ƙorafi ya same ni a ƙofar makaranta ƙarfe bakwai na safe. Ni ke tare masu makara yanzu.