Farfesa Sai-Na-Zo da Ƙwai Sittin

"Ya shigo?"

"Turarensa dai ya shigo. Shi yana matakala, ya tsaya gaisawa da hotonsa."

"To ku gyara tsayuwa."

Wanda ake jira kuwa ya cancanci jira. Farfesa ne sukutum, shugaban ɗakin binciken halittar ɗan tayi, mutumin da farar rigar aikinsa ta shekara tara ba ta san tabo ba. Mahassada na cewa don bai taɓa aiki da ita ba ne. Mu dai mun san tsabta ce. A bayan idonsa Sai-Na-Zo ake kiransa, domin ko fanka ba a kunnawa a sashen sai ya zo.

Akwai ɗalibarsa mai neman digirin digirgir, uwar 'ya'ya biyu, wadda ta shekara huɗu tana bin sawun maikro-RNA. Wasu 'yan mitsi-mitsin saƙonni ne a cikin ƙwayar halitta, masu ce wa wannan "yi shiru" don wancan ya samu yin magana. A cikin ƙwan kaza, saƙon da ya cika gida ranar da zuciya ta fara bugawa, bayan kwana biyu sai a neme shi a rasa, wani ya hau kujerarsa. Saboda haka ta zuba ƙwai sittin a injin ƙyanƙyasa. Za ta fasa goma a rana ta biyu, goma a ta uku, har ta bakwai. Wannan ne babinta na ƙarshe, kuma saura wata guda ta miƙa kundi, ko a soke sunanta.

Ranar ce Farfesa ya ji labarin manyan baƙi za su zo jibi, har da 'yan talabijin. Ya zagaya injin sau biyu, hannu a baya.

"Ƙwan farko," in ji shi, "ba ƙwai ba ne, tarihi ne. Tarihi kuwa ba a fasa shi da hannun ɗalibi."

Ya murɗa makullin injin, ya jefa aljihu.

"Ranka ya daɗe, jibi da safe ne rana ta biyu. In aka wuce..."

"'Yata, shekara talatin ina tare da ɗan tayi. Ya san ni. Zai jira."

Baƙi suka ɗaga zuwansu da mako guda, daga baya suka sake ɗagawa. Farfesa ya tafi wani taro gabatar da muƙala a kan muhimmancin kiyaye lokaci a bincike. Daga nan ya zarce wani taron karɓar lambar yabo saboda muƙalar. Makulli ya samu yawon buɗe ido.

Ita kuwa kullum tana tsugune gaban injin, tana jin yadda yake juya ƙwai da kansa, tana ƙirga kwanakinta suna wucewa a cikin ɓawo. Ta kira waya, ba a ɗauka. Ta roƙi dattijon da ke kula da na'urori ya ɓalle ƙofar.

"Ni? Saura shekara ɗaya in yi ritaya, 'yar nan. Ruwa dai zan ci gaba da zuba masa ta baya."

Ta rubuta takardar neman ƙarin wa'adi. Sakatariya ta duba, ta tura mata abarta.

"Yaya, mayar jaka. Farfesa ya ce ɗalibinsa bai taɓa makara ba, ba kuma za a fara a kanki ba."

Rana ta ashirin da ɗaya baƙi suka iso. Farfesa ya dawo, ya ƙara haske da tumbi. Ta tare shi a bakin ƙofa.

"Ranka ya daɗe, akwai magana. Tun jiya injin yana..."

"Bayan taro."

Aka maƙala masa makirufo a wuyan riga, aka jona da lasifika don na baya su ji. Ya sa safar hannu, yatsa bayan yatsa, yana kallon kyamara.

"Jama'a, abin da za ku gani ɗigo ne. Ɗigon da ido bai isa ya gani ba sai idon da ya ƙware. Ba ƙafa, ba baki, ba murya. A wannan mataki maikro-RNA ne kaɗai ke magana, ni kuma nake fassara."

Ya buɗe ƙofa.

Ɗigon farko ya leƙo, ya ce "tsiyau", ya diro kan takalmin Farfesa. Na biyu ya bi shi. Kafin mai kyamara ya gyara tsayuwa, matakin da ba ƙafa ba murya ya cika ɗaki yana gudu yana ihu. Wata baƙuwa ta haye kujera. Dattijon na'urori ya juya wa bango fuska, kafaɗunsa na rawa.

Babban baƙo ya cire tabarau, ya dubi ɗalibar.

"Malama, ke ce mai aikin ko? Wannan rana ta nawa ce?"

Ta zaro takardar daga jaka, ta riƙe ta a ƙirji tare da biro, ta zuba wa Farfesa ido cikin ladabi.

Ya matso kusa da ita, ya rage murya yadda ba mai ji sai ita. Lasifikokin nan huɗu suka ɗauka, suka raba wa kowa:

"'Yata, don girman Allah ki ce musu haka muka tsara. Kawo biron, wata nawa kike so?"