Ganye Uku a Bakin Ruwa

Tsufa ya kwashe min abubuwa da yawa, har lambar wayata sai na tambayi uwargida, amma ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na shiga dajin Amurka da niyyar koya wa likita ilimi ba.

Ga yadda aka yi. Sadiƙu, ɗan marigayi yayana, ya ga yarinya yana so, Falmata. Ni ne uban da ya rage masa a ƙasar nan, don haka ni zan jagoranci neman aure ranar Litinin, da yake ta faɗo hutu. Uban yarinyar kuwa, Dakta Bukar, likita ne, Babarbaren Maiduguri. Ni Bafillace ne, direban tasi mai ritaya, karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare (ba laifina ba ne, malamin ne ya kasa fahimtata). Kun san tsakaninmu da Barebari: duk inda muka haɗu, kowa cewa yake ɗan uwansa bawansa ne.

Ana saura kwana uku Dakta ya bugo waya. Ya ce duk Asabar shi da abokansa suna fita tattaki a daji, in zo mu saba kafin zaman Litinin. Sadiƙu ya roƙe ni: "Baffa, don Allah ka je, amma ka rage wasa." Na ce yaro, daji aka ce ko? Ai gidanmu aka gayyace ni.

Asabar da safe muka haɗu a tashar jirgin ƙasa ta Silver Spring, mu shida. Kowa a cikinsu yana da mota ta gani ta faɗa, amma wai bas za mu hau, saboda a wani wuri za mu shiga dajin, a wani mu ɓulla. Na ce to, yau na ga masu kuɗi suna biyan kuɗi don su sha wahala. Muka hau jirgin ƙasa, muka canja zuwa bas, ta sauke mu a bakin hanya, muka gangara.

Gaskiya wurin ya yi kyau. Wata tsohuwar hanyar ruwa ce da aka haƙa da hannu tun zamanin da alfadarai ke jan jiragen kaya daga gefe. Yanzu turbar alfadaran ce mutane ke bi, ruwa kwance a dama, kogin Potomac yana ruri can ƙasa a hagu, itatuwa sun yi rumfa. Ga kunkuru jere a kan gungume suna shan hantsi. Na ce wa Dakta, "Ashe hanyar alfadarai ce. Shi ya sa Barebari suka gane ta." Kowa ya yi dariya, har shi. Nan kaina ya fara kumbura.

Daga nan na buɗe makaranta. Duk itacen da muka wuce sai na ba shi suna da magani. Wannan na basir ne, wancan na shawara. (A tsakaninmu: ina shekara tara na bar ruga, a tashar mota ta Kaduna na girma. Kiwon da na taɓa yi na awakin gwaggona ne, guda biyar, na dawo da uku.) Abokan Dakta, injiniyoyi da malaman jami'a, suna gyaɗa kai, ni kuma ina ƙara gishiri.

Da muka bar bakin ruwan muka hau wata siririyar hanya cikin kurmi, sauro suka taso mana. Dakta ya fito da wani ɗan gwangwani yana fesa wa mutane. Ya miƙo min, na ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Na ce, "Riƙe turarenka. Maganin daji a daji yake." Na waiga, sai ga wani tsiro ya naɗe jikin itace, ganyensa uku-uku, kore shar, yana ƙyalli. Na tsinko cike da hannu, na murje shi sosai, na shafe fuska, wuya, bayan kunne, har ƙasan hula.

Dakta yana gaba, bai juyo ba sai da na gama. Yana ganin abin da ke hannuna fuskarsa ta canja. Ya ce, "Alhaji, yar da shi! Yar da shi yanzu!" Ya faɗi sunansa da Turanci, ya ce guba ce, duk ɗan firamaren ƙasar nan ya san shi. Ya zaro gorar ruwa da sabulu daga jakarsa, ya ce in wanke nan take tun man ganyen bai shige fata ba.

Jama'a, da na karɓi sabulun nan da labari ya ƙare. Amma mutum biyar na kallona. Na ce, "Yau Babarbare ne zai koya wa Bafillace ganye? Fatar Bature yake ci, ba ta ɗan Fulani ba." Na ƙara shafa sauran a goshi, don hujja ta cika.

Ranar lafiya lau na koma gida. Lahadi da la'asar na fara susa. Wayewar garin Litinin, uwargida ta kalle ni ta yi salati. Idona na hagu ya rufe, kunnuwana sun zama kamar fanke, wuyana duk ƙuraje masu ruwa. Wanda ya san ƙaiƙayin karara, to karara ƙaramar ƙanwar ganyen nan ce. Sadiƙu da ya zo ɗaukata ya jingina da ƙofa ya ce, "Baffa, ka kashe ni." Na ce a ɗaga zaman, ya ce kawun Falmata daga Maiduguri ya zo takanas, gobe zai koma.

Haka muka tafi gidan Dakta a Sterling, na naɗa rawani har hanci. Falo cike da dattawa, ciki har da abokan tattakina huɗu. Aka gaisa, aka yi addu'a, aka ce in yi magana. Na fara, "Mun zo ne neman iri a wannan gida mai albarka..." sai ƙaiƙayi ya taso daga bayan kunne. Na daure. Na ce, "Ɗanmu Sadiƙu..." sai na ji hannuna ya tafi da kansa. Hannu biyu na sa. Rawani ya warware ya faɗi a kan tiren goro, ga fuskata a fili. Kawun Falmata ya ja da baya ya ce, "Subhanallahi! Abin nan yana yaɗuwa?"

Dakta bai yi dariya ba, wannan ne ya fi min ciwo. Ya tashi ya ɗauko wata leda da ya riga ya tanada, man shafawa da ƙwayoyi, ya ajiye a gabana. Ya ce, "Yarinya mun ba Sadiƙu, yaron kirki ne. Sharaɗi ɗaya ya rage, kuma ba a kansa yake ba. Alhaji ya faɗa a gaban shaidu: tsakanin Babarbare da Bafillace, wa ya san daji?"

Na dubi Sadiƙu da idon da ya rage min. Yaron nan kamar zai yi kuka. Na dubi ledar magani. Na ce a hankali, "Babarbare."

"Kawu ba ya ji sosai," in ji Dakta.

Na ɗaga murya: "Babarbare ne ya san daji!" Falo ya ɗauki shewa, har mata daga ciki suka rangaɗa guɗa, aka shafa fatiha.

An yi biki, yanzu har sun haifi 'ya. Ni kuwa abin da na koya shi ne, in surukinka ya miƙo maka sabulu a daji, karɓa ka yi godiya. Wankin fuska a gaban mutum biyar ya fi sauƙi a kan sayar da Fulanin duniya kaf a gaban mutum talatin.