Rasuwar Malam Shiru, Keken da Bai Taɓa Yin Hayaƙi Ba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafafun da suka koma tafiyar ƙasa ba da son ransu ba, ni Mahadi na unguwar Damba a Gusau, a madadin maiɗakina Hanatu, da kuma mahaifiyata Inna wadda ba ta san ana wannan sanarwa ba, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da tsofaffin fasinjoji rasuwar kekenmu mai ƙafa uku, wanda ba ya shan fetur sai wutar lantarki, wanda jama'a suka fi sani da Malam Shiru. Ya cika ne da yammacin wata Juma'a a hanyarmu ta dawowa daga Bungudu, bayan doguwar jinyar batir.

An haifi marigayin a wata ƙasa mai nisa. Ya iso Gusau cikin akwatin katako a shekarar da fetur ya fi ƙarfin talaka, ni kuma na sayar da gonata ta Mada na fanso shi. Ranar da na fara fito da shi tasha, abokan sana'a suka kewaye shi suna neman tankin mai, suna neman salansar hayaƙi, ba su samu ba. Wani ya ce, “Jama'a ku zo ku gani, Mahadi ya sayar da gona ya sayo fitilar caji mai taya.” Aka yi ta shewa. Marigayin bai tanka ba, kuma har ya koma bai taɓa rama wa kowa ba.

Su suna zaton tsadar mai ce kawai ta kai ni. Akwai wannan, ban musa ba. Amma babban dalilin Inna ce. Inna tana da fuka, irin wadda warin fetur kaɗai ke shaƙe mata ƙirji. Rabonta da mota tun ranar da muka sa ta a bas, aka sauke ta a rabin hanya tana neman iska, daga nan sai gadon asibiti. Likita ya ce kada mu sake gwadawa. Ga shi kuwa yayarta, Inna Suwaiba, tana kwance a Bungudu da shanyewar ɓarin jiki, ba ta magana, ba a iya ɗaga ta, kuma su biyu kaɗai suka rage a ɗakin uwarsu. Waya ba ta yi musu amfanin komai, don wadda ake kira ba ta iya amsawa. Shekaru suka wuce 'yan'uwan nan ba su ga juna ba, alhali Bungudu tana nan kusa, ko ɗan acaɓa ba ya kiranta tafiya.

Malam Shiru ne ya haɗa su. Kowace Juma'a da sassafe, kafin manyan motoci su cika titi, Inna za ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta rungume kwanon kunu ta hau kujerar baya. In tirela ta taho tana aman baƙin hayaƙi, sai in ratse gefe, Inna ta rufe hanci da mayafi, mu jira iska ta washe, sannan mu ci gaba. A Bungudu za ta tsefe wa yayarta kai, ta yanke mata farce, ta ba ta kunu a baki, ta zazzage mata labarin kowa da kowa har da waɗanda suka daɗe da mutuwa. Mutanen gidan sun shaida cewa Inna Suwaiba ba ta cin abin kirki a hannun kowa sai a hannun ƙanwarta. Wannan shi ne babban aikin da marigayin ya yi a duniya, kuma bai taɓa fashi ba sai da ciwo ya kayar da shi.

Game da halinsa, duk Damba shaida ce. Bai taɓa tayar da jariri daga barci ba. Bai taɓa sa limami ya ɗaga murya ba in ya wuce ta bakin masallaci. Bai ɓata wa kowa farar riga ba, bai ɗiga baƙin mai a ƙofar gidan kowa ba, kuma bai taɓa kwana a layin gidan mai ba. In yana tafiya, abin da za ka ji kawai shi ne “zuuuu”, a hankali, kamar mai jin kunyar surukai. Laifinsa ɗaya, kaji ba sa jin zuwansa, kuma iyalan marigayin suna neman afuwar duk wanda abin ya shafa.

Lokaci guda ne yake buɗe baki, wato in zai ja da baya. A nan sai wata muryar mace ta fito daga ƙarƙashin kujera, ta yi ta maimaita wata magana cikin yaren da ba wanda ya san kansa a duk jihar nan. Inna ta yanke hukunci tun ranar farko cewa addu'ar tafiya ce, saboda haka duk lokacin da na sa giyar baya sai ta ɗaga hannu tana cewa, “Amin, amin, ɗiyata, Allah shi yi miki albarka.” Na so in yi mata bayani sau ɗaya, ta ce in rufa mata baki, wanga keke ya fi ni tarbiyya.

Ciwon ajali ya fara ne da yunwa. Marigayin wuta yake ci, wutar kuwa sai ta ga dama take zuwa unguwarmu. In an kawo, kafin ka ja waya ka soka an ɗauke. Dole ta sa na riƙa kai shi wajen mai walda ana ɗura masa daga janareta, kuma wallahi ban taɓa ganin abin tausayi irin wannan ba: bawan Allah da bai taɓa yin hayaƙi ba, ga shi tsaye cikin hayaƙin wani yana cin abinci. Sannu a hankali batir ya fara kumbura. Da can yana zuwa Bungudu ya dawo har ya yi aikin yamma. Daga baya sai ya huta a can an ɗan ƙara masa wuta. Daga baya kuma ko ɗan tudu ya gani sai ya rage tafiya, fitilar gabansa ta yi ja.

Ba mu zauna ba, Allah ya sani. Bakanike na farko ya zo da akwatin sifana, ya zagaya shi, ya tambaye ni ina fulogi, na ce babu, ya tambayi kafireto, na ce babu, sai ya rufe akwatinsa ya ce in yi haƙuri, shi bai karanci aljanu ba. Na biyu ya jera masa batiran mota ya ɗaure da waya. Malam Shiru ya yunƙura daga ƙofar gida zuwa kwanar layi, wani ƙauri ya tashi, muka kwance da gudu. Na koma shagon da na saye shi, na tarar mai shagon ya koma sayar da fitilun sola. Ya ce sabon batir sai an yi odarsa daga waje, ya faɗi abin da zai ci, na tuna cewa gona ɗaya ce da ni kuma na riga na sayar.

Ranar da ya cika, mun baro Bungudu lafiya, Inna tana ta murna yayarta ta shanye kunu tas. Muna hango gidajen farko na Gusau sai ya fara ja da ƙyar. Na ratse, na sa giyar baya don in gyara tsayuwa, muryar nan ta fara addu'arta, ta kai rabi, ta ja dogon numfashi, ta yi shiru. Inna ta ce amin. Na sauka na tura shi da ita a ciki har Damba, wasu bayin Allah suka kama mini a kan tudu. Da muka iso ta dafa rufinsa ta ce ya gaji ne, a bar shi ya huta, a ba shi wuta ya ƙoshi.

Daga nan na shiga yawon 'yan gwangwan, masu sayen matattun motoci suna farkewa. Na yi na Gusau, na yi na Bungudu, na yi na Tsafe. Jama'a, a filayen nan ba abin da ke mutuwa gaba ɗaya. Motar da ta yi hatsari bara, yau giyarta tana cikin wata tana jigilar masara, ƙofarta tana jikin wata, fitilunta suna haska wa wata hanya. Duk tsufan motarka, in ka je za ka samo mata ɗan'uwan da ya riga ta ya bar mata gado. Na yi ta tona tsibin ƙarafa har tafin hannuna ya fashe. A ƙarshe Alhaji Bello, babban mai gwangwan na Gusau, ya zaunar da ni a kan wata tsohuwar taya ya ba ni ruwa, ya ce, “Malam Mahadi, ka daina wahal da kanka. Kowace mota da ka gani nan tana da dangi a kan titi. Wanga naka maraya ne. Sai wani irinsa ya mutu kafin ka samu, kuma ban san wanda ke da irinsa ba sai Ayuba na Tsafe.”

Ayuba mai kemis ne, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a Tsafe, da nasa keken yake kai magani Bilbis da ƙauyukan kewaye. Na sayi goro na tafi gaishe shi. Na tambayi lafiyar iyali a gurguje, sannan na tambayi lafiyar keke a tsanake. Batirinsa garau, kamar jiya aka sa. Injin da ke juya tayar baya ne ke ciwo, yana tafiya yana gurnani. Ni kuwa nawa injin ko tari bai taɓa yi ba. Muka tsaya muna kallon juna. Ba a jima ba sai ga Ayuba a Damba, wai wucewa yake yi ya ce bari ya duba mai jiki. Ya tsuguna wajen tayar baya ya daɗe yana shafawa, bakin sifana yana leƙowa daga aljihunsa. Ashe tun da ya ji labarin ciwon nawa yake tambayar direbobin Gusau halin da ake ciki.

Na roƙe shi ya sayar mini da batir. Ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam Mahadi, da ina da biyu wallahi kyauta zan ba ka. Shi ne ƙafata, akwai masu jiran magani.” Ban ga laifinsa ba. Nasa yana numfashi, nawa ya riga ya tafi, kuma mai rai ke gadon mamaci. Na ce ya zo ya kwance injin, ban karɓi ko sisi ba. Shi kuma ya yi alkawarin zai riƙa zuwa yana kai Inna Bungudu. Da muka zauna muka duba, daga Tsafe zuwa Gusau kaɗai batirin ya ƙare, sai ya kwana yana caji, a kai Inna a dawo, ya sake kwana yana caji kafin ya koma. Wato ana buƙatar wuta kwana biyu a jere a Damba, abin da yaran unguwar ba su taɓa gani ba. Alkawarin yana nan, ba wanda ya janye, muna jiran masu wuta.

Masu ba da shawara sun bayar, Allah ya saka. An ce jaki, Inna ta wuce hawan jaki. An ce amalanken shanu, amma kowa ya san hanyoyinmu yanzu ba a bari la'asar ta same ka a kansu, shanu kuwa ba su san sauri ba. An ce a toshe mata hanci a sa ta a mota, na ce wanda ya faɗa bai ga idanunta ba ranar bas. Shekaranjiya aka aiko daga Bungudu cewa Inna Suwaiba tana kawar da kai in an kawo cokali, kuma idonta kullum yana bakin ƙofa. Ina da ƙarfina, ina da lasisina, kuma na rasa yadda zan kai uwata wajen 'yar'uwarta. Wannan abu yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba.

Marigayin ya bar ni, ya bar Hanatu da ta koma ɗaukar cefane a ka, ya bar ƙaninsa guda a Tsafe, da wayar caji da har yanzu take rataye a ƙusa a zaure. Ya kuma bar tsofaffi biyu, ɗaya a Damba, ɗaya a Bungudu.

Za a yi masa rakiya ranar Alhamis bayan azahar zuwa filin Alhaji Bello. Ba za a yi salla ba, ƙarfe ne, mun san iyakarmu. In an kawo wuta za a yanka shi da inji, in ba a kawo ba guduma da zarto suna nan. Tayoyinsa za su tafi wajen masu takalma, tuf ɗin ciki a ɗinka guga, rufinsa mai shayin bakin layinmu ya roƙa zai yi rumfa, sauran ƙarfen maƙera su yi fartanya da murhu. Batirin an ce kada a jefar a bola ko a kwata, akwai masu zuwa ɗauka. Kujerar baya kaɗai ba za ta bi shi ba, na kwance ta na ajiye a zaure.

Masu zuwa gaisuwa, don Allah a kashe babur tun daga kwanar layi a ƙaraso da ƙafa, kuma a yi ta'aziyya a waje, murya ƙasa-ƙasa. A sanin Inna, yana wajen caji ne. Ranar Juma'a da sassafe za ta yi wanka, ta ɗaura ɗankwali, ta rungume kwanon kunu, ta fito zaure ta zauna a kan kujerar nan, ta tambaye ni ko an kawo wuta. Duk wanda ya san abin da zan faɗa mata, don girman Allah ya zo da wuri.