Yadda Za Ka Magance Warin Bakin Yayanka Ba Tare Da Ka Faɗa Masa Ba

Bari in fara da alkawari, don ka san ba da wasa na zo ba. Idan ka bi matakan nan ɗaya bayan ɗaya, ba tsallake, bakin yayanka zai daina wari. Babu tantama. Na jarraba su da kaina a kan nawa yayan, wanda muke shagon aski tare, kuma yau ko jariri ka miƙa masa zai yi masa wasa su rabu lafiya.

Wannan darasi na mutum irina ne, wanda yayansa ya riƙe shi tun yana ƙarami, ya koya masa riƙon reza, ya ajiye masa kujera a gefen tasa. Irin wannan yayan ba ka duban tsabar idonsa ka ce bakinsa yana wari. Harshenka ba zai ɗauka ba. To gyara zama, ga mafita.

Mataki na 1: Tabbatar abin ya kai a kira shi matsala

Kada ka dogara da hancinka kaɗai, hanci yana da son zuciya. Dubi madubi. Aski sana'a ce ta kusanci, mai gyaran gemu dole ya sunkuyo, Yaya kuma ba ya iya jan reza bai ba da labari ba. Lura da wanda ke kan kujera: zane a wuya, reza a maƙogwaro, ba halin gudu. Idan ka ga ya kumbura kumatu, idonsa ya kawo ruwa, ƙafarsa tana rawa, to an zo wurin.

Ni a kan Hedimasta na gane. Tsohon shugaban makaranta ne mai ritaya, wanda tun ina sharar gashi a shagon Yaya ke yi masa aski, kuma ba a taɓa gama askinsa bai warware matsalolin duniya ba. Ran nan sai na ga ya yi tsit, ya riƙe numfashi har jijiyar goshinsa ta miƙe. Da aka cire masa zane ya fita bakin titi ya tsaya yana shaƙar hayaƙin motoci da godiya.

Mataki na 2: Yi shiru, ka nemo wa shirun dalili

Daga nan mutane za su fara zamewa. Benci zai cika, kujerar yayanka tana nan wayam, kowa ya shigo ya ce ƙanen yake jira. Waɗanda kunya ta hana su faɗin haka za su tsallaka titi zuwa sabon shagon da aka buɗe, mai fitilu kala-kala. Yayanka zai rage da Hedimasta, wanda amana ta ɗaure, da Mai Faci na kusa da mu, wanda warin ƙonanniyar robar taya ya gama da hancinsa tun yana saurayi.

Zai tambaye ka me ke faruwa. Kada ka ruɗe. Ce masa zafi ne. In an yi sanyi, ce masa sanyi ne. Ni har cewa na yi yanzu tara suma ake yayi, alhali ga mutane a layina kowa na neman a yi masa ƙwal.

Mataki na 3: Kanumfari

Sayi kanumfari ka zuba a ɗan faranti kusa da almakashi. Fara taunawa da kanka, kana lumshe ido. Kada ka kuskura ka ambaci baki. Ce masa yana ƙara ƙarfin gani, domin babu mai askin da zai ƙi wannan.

Nawa ya karɓa ya yi godiya, har ya ce in riƙa kula da shi haka. Sakamakon kuwa, warin bai je ko'ina ba. Kwalliya kawai ya yi. Da mutane wari ɗaya suke haƙuri da shi, yanzu sun samu biyu suna kokawa a hancinsu.

Mataki na 4: Shayi mai haɗi

Tafasa citta da kirfa da ganyen na'ana'a, ka matsa lemun tsami. Kawo a fulas kullum da safe, ka ce matarka ce ta dafa ya yi yawa. Idan ya ce kullum yawa yake yi, ce masa ba ta iya awo ba. Za ka ba ta haƙuri daga baya.

Gargaɗi daga mai ilimi: na'ana'a tana sa mutum ya ji bakinsa sanyi ƙalau, wannan kuma yana ƙara masa ƙarfin gwiwa. Yaya ya sha kofi biyu, ya ji shi sabo fil, ya ƙara matsowa kusa da fuskokin mutane, labaransa suka ƙara tsawo. Wani saurayi ya tashi da rabin saje ya ce ya tuna ya bar ruwa a wuta.

Mataki na 5: Asuwaki da ruwan gishiri

Ƙirƙiro annoba. Ce ka ji ana fama da ciwon maƙogwaro a gari, maganinsa kuma kurkure baki da ruwan ɗumi da gishiri, a bi da asuwaki. Don kada ya zargi komai, dole ku yi tare.

Haka muka riƙa tsayawa a ƙofar shago da safe, ƙatti biyu, kawuna sama, muna gargar kamar tsofaffin injina. Masu wucewa suna rage tafiya. Yaya ya goge haƙoran gaba har suna ɗaukar ido, amma asuwakin bai taɓa wuce nan ba. Da na ce ya ɗan leƙa da shi ciki, sai ya ce cikin ai ba mai gani.

Mataki na 6: Nemi taimakon matarsa

Je gidan lokacin da ka san ba ya nan. Gaishe ta, ka tambayi yara, ka yi ta kewaye-kewaye. Ba sai ka kai ƙarshe ba.

Matar Yaya ta bar ni na gama zagayena, sannan ta buɗe kabad ta nuna min. Kanumfari kwalba guda, busasshiyar na'ana'a, ganyen gwaba, kirfa, har da wasu saiwoyin da ban san sunansu ba. Ashe ta riga ni nisa. Ta ce a ruwan shansa ma jiƙa masa take yi, kuma ta daɗe da juya matashinta zuwa wajen ƙafafunsa da sunan ciwon baya.

Na ce to ita ce mafi kusa da shi, ko za ta ɗan yi masa maganar cikin hikima.

Ta ce, "Kai da kuka sha nono ɗaya ka kasa, ni ce mai ƙarar kwana? In ya yi fushi da kai, kana nan ƙanensa. Sai ka gaishe min da mutan gidan."

Karɓi ganyen gwabar da za ta ba ka, ka kama hanya.

Mataki na 7: Koma wa kimiyya

Idan tsirrai sun gaza, a gwada iska. Ɗauke fanka daga kusurwa ka saita ta a gefen kujerarsa, yadda za ta kwashe numfashin kafin ya isa ga mai aski. Amma ka fara duba inda iskar za ta sauka. Ni ban duba ba. Kai tsaye ta riƙa kai saƙon kan benci, inda nawa mutanen suke jira, haɗe da guntayen gashi. Kafin azahar ni ma na zama ba ni da kowa.

Sai takunkumin fuska. Ce masa yanzu haka manyan shaguna suke yi. Yaya ya sa, ya dubi madubi, ya ce ya yi kama da likita. Ya riƙe shi da kyau kuwa, ba ya sauke shi sai zai yi magana.

Mataki na 8: Ranar da zai fara zargin hannunsa

Wannan matakin ba kai za ka yi shi ba, shi zai zo ya same ka.

Wata rana da yamma muna zaune ba kowa, sai ga Hedimasta ya taho daga nesa. Yaya ya miƙe ya kakkaɓe kujera, ya ɗauko zane mai tsabta. Hedimasta ya zo daidai ƙofarmu, ya sunkuyar da kai kamar mai neman abin da ya faɗi, ya tsallaka titi ya shige sabon shagon. Muna kallo aka ɗaura masa zane.

Yaya ya ninke nasa zanen ya mayar. Da lokacin tashi ya yi, ya ɗauki injin askinsa, wanda ko taɓawa ba ya bari in yi, ya goge shi, ya ɗiga masa mai, ya naɗe wayar a hankali, ya ajiye a kan teburina. Ya ce ya daɗe yana lura, ba zafi ba ne ba sanyi ba ne. Hannunsa ne ya mutu, kuma mutane suna jin nauyin faɗa masa. Ya ce in wata ya ƙare zai bar min shagon, gara ya tafi da mutuncinsa kafin ya yanki kunnen ɗan wani. Har godiya ya yi min a kan shayi da kanumfari, ya ce ya gane lallaɓa tsoho nake yi.

Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba. Mutumin da duk unguwar babu mai fitar da layin saje kamarsa yana tsaye yana duban tafin hannunsa kamar ya ci amanarsa. Kuma ni na kai shi nan, da fulas ɗina da farantina.

Mataki na 9: Faɗa masa

Na san abin da na rubuta a sama. Na ce ba tare da ka faɗa masa ba. To in da na rubuta gaskiya, da ba ka karanto har nan ba.

Tsaya kusa da ƙofa, saboda tsaro. Kada ka yi shimfiɗa, shimfiɗa ce ta kawo ka nan. Ni dai rufe ido na yi na ce, "Yaya, hannunka lafiyarsa ƙalau. Bakinka ne yake wari."

Na buɗe ido ɗaya. Yana duban hannun, ya dunƙule ya buɗe, ya juya bayansa.

Ya ce, "Ashe ba hannun ba ne."

Na ce ko kusa.

Sai ya kama kafaɗuna biyu, ya jawo ni har goshinmu ya kusa haɗuwa, idonsa cike da ƙwalla, ya saki wata doguwar alhamdulillahi a tsakiyar fuskata. Ban kauce ba, ban riƙe numfashi ba. Na shaƙe ta duka, don na san haƙƙina ne.

Faɗan daga baya ya zo. Ya tambayi tun yaushe, na faɗa masa, ya ce ashe ni mugu ne bai sani ba. Ya tambayi su wa suka sani, na ce gara ya tambayi wanda bai sani ba. Da ya huce ne ya buɗe baki ya nuna min can ƙurya: haƙorin turmi guda ya ruɓe, da rami a cikinsa. Ya daɗe yana cusa masa auduga yana haƙuri da zogi, don tsoron a cire. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ɗora wa mutane reza a wuya, ashe shi ba ya iya zama a kujerar wani.

Mataki na 10: Magani na ƙarshe

Raka shi wurin likitan haƙori, kuma kada ka yarda ya ce zai je da kansa. Zauna kusa, ka ba shi hannun da ba ka aski da shi. Ni na dama na ba shi, sai da na yi kwanaki ina riƙe almakashi a karkace.

Likitar ta cire turmin, ta wanke sauran, ta ce kanumfari da na'ana'a ba laifi ba ne, amma ba sa cike rami. Ban ji daɗin yadda ta dube ni lokacin da take faɗa ba.

Ba a daɗe ba benci ya fara rabuwa biyu kamar da. Hedimasta ya dawo da kansa, saje ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Yaya ya ɗaura masa zane, ya juya kan hagu da dama, ya tambaye shi wa ya yi masa wannan aika-aika. Hedimasta ya ja numfashi a hankali, ya ƙara ja, sannan ya gyara zama ya fara bayani a kan lalacewar ilimi.

Sanarwa

Ni dai na faɗi abin da na sani, ban ce ka aikata ba. Idan naka yayan mai saurin hannu ne, ko ya kore ka daga shago, ko matarka ta ji labarin awo, babu ruwana, kada ka neme ni.

Musamman ba ni da alhakin sabon muƙamin da za a ba ka. Tun daga ranar, kullum kafin mu buɗe shago Yaya sai ya kira ni, ya buɗe baki, ya hura min iska a fuska, ya tsaya yana jiran hukunci. Bayan cin abincin rana ma haka. Kuma ya bi gari yana yabona, wai yana da ƙane mai hanci wanda ba ya ɓoye gaskiya. Yanzu haka da nake wannan rubutu ya kawo min surukinsa, baban matarsa, dattijo mai furfura da kwarjini, ya zaunar da shi a benci ya ce in na gama in duba masa.

Daga nan inda nake zaune na riga na san sakamakon. Wannan kam ba ni da mataki.