Ranar da Na Roƙa Wa Garinmu Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na ɗaga hannu a ƙofar gidan Baffa Sule ba, ko da kuwa ina son mantawar.

Ƙauyenmu yana gabas da Zakirai. Na ce "ƙauyenmu" ne don kara, amma ni a Kano aka yanke mini cibiya. Mahaifina ya baro shi yana saurayi, shekarar da fari ya ƙone gero a tsaye, ya zo Dawanau yana dakon buhuna har ya zama dillalin hatsi. Labari ɗaya ya bar mana gado: rijiyoyi sun ƙafe, masaƙa da marina sun watse, 'yan cin rani ba su komo ba. Ni kuwa na haddace shi kamar karatun allo. Duk inda aka zauna sai na kawo zancen "garinmu da rashin ruwa ya cinye", har da girgiza kai (alhali rabona da garin tun kafin rasuwar Baba).

Cikin watan Agusta Baffa Sule, ƙanen mahaifina, wanda shi kaɗai ya rage mana a can, ya aiko lallai in zo ɗaurin auren jikarsa. Daga baya na ji abin da ya sa ya dage. 'Yan gidajen da suka rage suna shawarar tashi, shi kuma yana ta lallashinsu cewa 'ya'yan garin da ke birni ba su manta da su ba, za su waiwayo. Ni ne shaidar da zai nuna musu.

Na isa a makare, rana na dukan ƙeya. A hanya na ga katangu a zube, ɗakuna babu rufi, azara a warwatse. Na ce a raina, "Allah sarki, aikin fari ke nan." (Gero ya yi kore shar har ya fi ni tsayi, takalmina kuma duk laka, amma wanda ya taho da amsarsa daga gida ba ya duba ƙasa.)

Ana shafa Fatiha Baffa ya miƙe, ya dafa kafaɗata, cike da alfahari.

"Jama'a, kun ce sun manta da mu. To ga ɗan Yaya Isiyaku da kansa. Malam, yi wa garin ubanka addu'a."

Manomi in zai roƙi ruwa, "mai albarka" yake cewa ya yi shiru. Ni sai na ga wannan ai rowa ce. Na naɗe hannun babbar riga, na gyara murya.

"Ya Allah, ka dubi garin nan da ƙishirwa ta tarwatsa! Ka sako mana ruwa kamar da bakin ƙwarya! A kwana ana yi, a wuni ana yi! Ka cika kududdufai har su tumbatsa!"

Amin ta farko ta fito da ƙarfi, ta biyu ta rame, ta uku ba ta zo ba. Na ɗauka kuka ne ya shaƙe su, sai na ƙara ɗaga murya. Can daga bayan zana, inda mata suke, wata tsohuwa ta ce, "Ba amin ba! Wallahi ba amin ba!"

Ango ya tashi ya bar wurin yana goge ido. Liman ya jawo gefen rigata, ya ce a hankali, "Malam, zauna haka. Bara ruwa ya rufta ɗaki a kan mahaifiyar yaron nan. Na bana kuwa, ai ka gani a hanya."

Jama'a, na ji kunya a duniya, amma ban taɓa jin irin wadda ke sa gumi da sanyi lokaci guda ba. Ko labarin rasuwar ban ji ba, balle in zo gaisuwa. Zanar da matan ke bayanta ma, ashe a gurbin katangar Baffa aka kafa ta.

Baffa bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ja ni bakin kududdufin da ke bayan gari, ruwa maƙil har gindin gidaje.

"Daga ramin nan kakanninmu suka ɗebi ƙasar da aka gina garin," in ji shi. "Ga shi yana karɓar abinsa. Fari ya kori ubanka. Mu da muka jure, ruwa ke korarmu. Laifina ne, na kira shaida ban tambaye shi abin da ya sani ba."

Da la'asar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Mata suka shiga lulluɓe katangu da leda. Mutane sai kallona suke yi, su kalli sama. Ko tuwon biki ban tsaya ci ba.

Bayan kaka ango ya ɗauki matarsa suka koma Zakirai, saura suka bi, Baffa ne na ƙarshe. Na san ba addu'ata ce ta rushe musu gidaje ba, amma ita ta rushe hujjar tsohon. Da na je gaishe shi a gidan 'yarsa, ya dube ni ya ce, "To ka huta. Yanzu babu garin da za ka manta da shi."

Na dai koyi cewa garin da ka gada a bakin ubanka daban, wanda mutane ke kwana a ciki daban. In aka ce in yi addu'a a taro yanzu, "Allah ya sa mu dace" nake cewa, in nemi wuri in zauna.