Leshin Gwaggo Talatu

Har yau a gidanmu cewa ake da gangan na yaga leshin nan don Inna ta samu babban rabo. Ƙarya ne, gwaninta ce ta ci ni.

Yayana ne ya aiko shi daga Kano, ya ce Inna da Gwaggo Talatu, ƙanwar Baba, su raba su ɗinka na sunan ɗansa. Su kuwa gaisuwa kaɗai ke haɗa su. Aka nemi almakashi aka rasa, ni kuma ba na iya jira. Na ce ai a kasuwar Ɗanbatta reza ake ɗan sa wa yadi, a ja, ya tafi sak.

"Leshi ba atamfa ba ne," in ji Inna a hankali.

Na ja. Yagar ta ci karo da adon jiki, ta karkace ta nufi ɓangaren Gwaggo. Maimakon in tsaya sai na ƙara ƙarfi.

Gwaggo ta ɗaga nata, ko zani ba zai yi ba. Inna take kallo, amma da ni take magana.

"Sannu 'yar boko. Wannan me sunansa da Turanci?"

Ni da bakina na ce sunayensa suna da yawa, na fara jero mata.

"Mu ɗaya gare mu," ta ce. "Ɓarna."

Dole Inna ta ba ta nata, ta je suna da tsohuwar atamfa. Yanzu ko akuya ta yaga buhu sai a ce a kira ni in faɗi sunansa. Ranar kasuwa zan sayi almakashi, kuma ba mai aro.