Dattijo Ya Cika Ina Tsaye a Taga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hanci mai cike da ƙaurin ƙonanniyar roba, ni Twaha Mukiibi na unguwar Kawempe a Kampala nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Dattijo, wato amfilifayar da ke jan ragamar sifikokin falona. Rai ya yi halinsa yau da hantsi. Hayaƙin bai gama fita ba har yanzu, kuma ta tagar da yake fita na kalli cikawarsa, ina tsaye a waje kamar ɓarawon kaza, alhali gidan nawa ne.

Marigayin gwanjon Japan ne, a Katwe, unguwar masu gyaran kayan lantarki, muka haɗu. Mai natsuwa ne. In an kunna shi sai ya ɗan yi shiru, ya ce "ƙas", kamar babban mutum na gyaran murya, sannan ya fara magana. Jirgi mai saukar ungulu in ya tashi a fim, daga bayan kunnenka na hagu zai taso, ya bi ta kanka, ya sauka ta dama. Maƙwabcina Lubega ya taɓa sunkuyawa har ya kifar da shayinsa. Ya sha wutar Kampala mai ƙarfi da mai rauni, bai taɓa yin ƙorafi ba.

Jinyarsa ta soma ne da zuwan surukata, Hajati Namusoke, daga Butambala don ganin likitan gwiwa. Aka shimfiɗa mata a falo. Sauran kowa ya sani a al'adarmu: ɗakin da uwar matarka take ba ka shiga, ba ka haɗa ido da ita, ba ka taɓa kayanta, in ba so kake karkarwa ta kama ka da tsufa ba. Na koma shiga gidana ta ƙofar kicin, Dattijo kuma ya zauna da ita.

Sifikar baya ta hagu ce ta fara yin shiru. Daga taga na sa matata Zaituni ta danna gwaji a rimot. Muka ji "shhh" ɗin nan yana zagayawa, gaba, tsakiya, bayan dama, da ya zo hagu sai babu. Na bi wayar da ido har na same ta: an ɓalle ta daga bango, an ɗaure a ƙarfen labule, mayafan Hajati na shan iska a kai.

Sai ta gano kan Dattijo yana da ɗumi. Ta saƙa masa kyallen ulu mai furanni ta rufe shi, ta riƙa ɗora kwanon matoke, dafaffiyar ayabarmu, a sama kada ya huce. Na ja Zaituni kicin na ce ta faɗa wa Maama waɗancan hujojin da ta toshe su ne hancinsa. Ta shiga ta durƙusa, ina ji da kunnena ta ce, "Maama, mijina yana ta yaba saƙarki." Washegari kyalle ya zama biyu. Da na yi magana, Zaituni ta tambaye ni ko so nake ta gaya wa wadda ta haife ta cewa akwatin kiɗa ya fi ta.

Daga nan ya fara suma. Ana cikin kallo sai ya ce "ƙas", ya ɗauke, 'yar jar fitila ta kama. Na san ma'anarta, kare kansa yake yi daga zafi. Amma likitan da aka kira masa shi ne yayan matata, Ssenyonjo, wanda iyakar saninsa da lantarki cajin waya ne. Takardar shaidarsa ɗaya ce, yana iya shiga falon.

Ya fere wayoyi da wuƙar yankan albasa. Ya kai ja gidan baƙi, ya kai baƙi gidan ja, ya bar silin tagulla a warwatse suna taɓa juna. Ina taga ina yi masa raɗa, don ba a ɗaga murya kusa da suruka. Ya ɗago ya ce, "Suruki, kwantar da hankalinka, waya ai waya ce." Da fis ya tsinke, sai ya yanke hukuncin cewa fis ɗin ne rago, ya naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin taba.

Yau Hajati ta ce wa'azin da take saurara ba ya fita sosai. Ssenyonjo ya murɗa ƙarar har ƙarshe. Hayaƙi ya keto ta cikin furannin ulu. Soket ɗin yana bayan kujerarta, sai na ratsa ta kan gwiwoyinta kafin in zare shi. Na kai bakin ƙofa, na ɗaga ƙafa. Ta yi tari, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ƙafar ta koma inda ta fito. Na zagaya da gudu zan je mita in kashe wutar gidan, ina daidai taga na ji kalmarsa ta ƙarshe: "fuf".

Hajati ta aiko Zaituni da gaisuwa. Ta ce dama abin yana sa ta ciwon kai, kuma a duk Butambala ba ta taɓa ganin suruki mai kunya irina ba. Na gode. Kunyar ce ta kashe shi.

Ya rasu ya bar tagwayen gaba, da 'yar tsakiya wadda maganar 'yan fim ke fita ta bakinta, da biyun baya, ɗaya ta kurumce kafin uban ya tafi. Ya bar babbar ufa, sifikar rugugi, tana takaba a kusurwa, da rimot wanda ba shi da sauran wanda zai umarta.

Za a ɗauki gawar gobe bayan azahar zuwa Katwe, inda masu gyara za su cire abin da ya yi saura. Zaman makoki a bayan kicin, domin mai makokin ba ya shiga falo. Ana roƙon Ssenyonjo kada ya kama gawar.

Ina kan wannan layin ne acaɓa ya tsaya a ƙofa. Wani dogon mutum da ban taɓa gani ba ya sauko da buhuna babu komai a ciki, da igiya. Ya ce shi ladani ne a Bwaise, ɗan ƙauyen su Hajati, ita ta buga masa waya ta ce surukinta ya ba masallaci sifikokinsa sadaka. Ya riƙe hannuna ya yi mini doguwar addu'a, na ce amin. Yanzu haka yana tsaye a kaina, yana tambaya ko ina da sukuddireba, don na bayan nan a jikin bango suke.